Kubar ƙofar zaurenmu ta fara gardama: a gyara ko a canza?

Nasiru Mabera
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah masu sana'ar su sa baki. Kubar ƙofar zauren gidanmu ce ta sa mu gaba tun da hunturun nan ya kankama. Za ka zura makulli ka murɗa, ya tafi rabi ya cije. Sai ka tokare ƙyauren da gwiwa ka ɗan ɗaga shi, ka jawo shi jikinka, sannan ya yarda ya ƙarasa. Daren jiya na dawo daga Gawon Nama wajen ƙarfe 11, na fi minti ashirin ina kokawa da ƙofar gidan ubana kamar ɓarawo, har maƙwabcinmu ya leƙo ta kan katanga da tocila.

Kubar tsohuwa ce, marigayi Baba ya sa ta tun ban san kaina ba, irin mai dogon makullin nan mai haƙora a baki. Da a jikin ƙyauren katako take, da aka yi ƙofar ƙarfe sai aka ciro ta aka mayar. Na kira wani yaro mai gyara, ko taɓa ta bai yi ba ya ce ta mutu, in kawo kuɗin sabuwa. Inna kuma ta ce ba mai cire kubar nan tana numfashi. Ni ne a tsakiya. Irin wannan tana gyaruwa kuwa, ko zubar da kuɗi ne?

Maman Khalifa
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru canza ta kawai, kada ka tsaya lallaɓa. Ni abin da makulli ya yi mini ban fatan ya yi wa maƙiyina. Na ɗakina ne ya daɗe yana ɗan sanɗa, kullum Baban Khalifa sai ya ce za a duba. Ran nan na ɗora miya a kan gas, na shiga ɗauko mayafi, iska ta bugo ƙofar ta rufe. Na danna hannun ƙofa, ya tafi ƙasa salam, ba abin da ya motsa. Ga tukunya a wuta, ga yaro ɗan shekara biyu a tsakar gida, waya kuma tana kan firji. Ta taga na riƙa kwarara ihu har Allah ya kawo wata yarinya mai tallar ƙuli ta kira maƙwabta. Miyar dai ta ƙone ƙurmus, tukunyar ma ba ta ƙara moruwa ba. Tun daga ranar duk makullin da ya fara yi mini tsiya, rabuwa muke.

Sani Walda
Hajiya Allah ya ƙara kiyayewa. Amma naki daban, nasa daban. Naki sandar nan mai kusurwa huɗu da ke haɗa hannun ciki da na waje ce ta cinye, ko kuma abin da take juyawa a ciki ya fashe. Malam Nasiru kafin kowa ya ce maka saya ko gyara, tashi ka yi abu ɗaya. Buɗe ƙofar wangale, sannan ka murɗa makullin tana buɗe. Kulle, buɗe, kamar sau biyar. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka ji a hannunka.

Bashir Dambuwa
Ka ɗiga mata baƙin mai kawai, gobe za ka ji tana tafiya kamar sabuwa.

Kawu Bello Kahinta
Kai Bashiru, Allah shi shirye ka. Baƙin man ga naku shi ka kashe makullai garin ga. Ka aza mai ga ramin makulli cikin Sakkwato, cikin hunturu? Yau ka ji daɗi, bayan sati biyu ƙura ta bi man ta zama kwaɓaɓɓen laka ciki. Shekarata ta hi talatin ina wanga aiki, kubar da nib buɗe nig ga laka baƙi ciki ba su ƙirguwa. Nasiru ɗana, kak ka yarda wani shi ce maka kubar dauri ta mutu bai buɗe ta ba. Wanda yac ce hakanan, ko bai iya ba, ko kamashon shago shi ka nema. Yi abin da Sani yac ce maka.

Bashir Dambuwa
Tuba nake Kawu. Ni dai haka na taso na ga ana yi.

Nasiru Mabera
Malam Sani na gwada. Abin mamaki, in ƙofar tana buɗe makullin yana ƙarasa juyinsa, ba ya cijewa a rabi. Sai dai da ɗan nauyi, kuma ina jin wani ƙaras-ƙaras kamar ana taka yashi. Da na rufe kuma sai ya koma halinsa. Kawu kuma maganarka ta kama mu, don yanzu ƙanena yake faɗa mini wai da damina ya zuba mata man gyaɗa da ta fara tauri. Man gyaɗa fa, na girkin Inna.

Sani Walda
To ka ga an zo wurin. Cuta biyu ke gare ka, kuma babbar ba a jikin kubar take ba. Ƙyauren ne ya sauka. Tunda sai ka ɗaga shi da gwiwa harshen kubar ke samun raminsa, ai ƙofar ce ke faɗa maka inda ke mata ciwo. Hinjin ƙofar ƙarfe ƙura na shiga tsakaninsa, kullum buɗe rufe, yana cin kansa a hankali har ƙyauren ya zauna ƙasa. Ga kuma yara masu lilo a jikin ƙofa, wannan kowane gida akwai su. In kana son ka gani da idonka, shafa alli ko gawayi a bakin harshen, ka rufe ƙofar, ka murɗa har inda ya tsaya, ka buɗe. Za ka ga tabon a ƙasan ramin da ke jikin firam. In ka sayo sabuwar kuba ta dubu nawa ne ka ɗaura a wannan ƙofar, haka ita ma za ta cije, kuma ita ba za ta jure dukan da tsohuwar ta jure ba.

Bashir Dambuwa
Ni ina ga sanyi ne ya sa ƙarfen ya tsuke. Ai ya ce da hunturu abin ya fara.

Injiniya Murtala Arkilla
Malam Bashir akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma ba ta kai ba. Ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, sai dai kaɗan ne ƙwarai: wajen milimita 0.012 a kowace mita ɗaya in zafi ya canza da digiri ɗaya. Ƙofa mai tsawon mita 2, ko an sauko daga zafin bazararmu na sama da digiri 40 zuwa sanyin asubar Janairu, motsin bai cika milimita ɗaya ba, kuma firam ɗin ma ƙarfe ne, tare suke motsawa. Katako ne ke wannan wasan sosai, ya kumbura a watan Agusta ya ƙi rufuwa, hunturu ya zo ya bushe har ka hango haske ta gefe. Don haka ina bayan Malam Sani, hinji ne.

Amma bari in ɗan buɗe cikin kubar don a gane abin da ake magana a kai. Makullan gidajenmu kusan iri biyu ne. Akwai irin ta su Malam Nasiru mai dogon makulli. A cikinta akwai wasu siraran faranti da ake ce wa liba, a jere kamar shafukan littafi, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa. Haƙoran makullin ne ke ɗaga kowace liba daidai tsayin da aka yanka mata, in duk sun daidaita sai hanya ta buɗe harshen ya wuce. Wannan dabarar tsohuwa ce, wani Bature Robert Barron ya yi mata rajista a Ingila tun 1778. Sai kuma mai silinda, mai ɗan fallen makullin nan da muke yawo da shi a aljihu, wanda Linus Yale ƙarami ya fitar a Amurka a shekarun 1860. Ita a cikinta 'yan ƙananan fil ne na tagulla, galibi 5 ko 6, da sifirin sirara kamar gashi.

Abin da ya sa na kawo wannan: mai liba kayan cikinta manya ne, ana kwance ta a wanke a mayar, kuma ta fi jure ƙura. Mai silinda kuma in ta lalace ba a cika wahalar gyara ta ba, silindar kaɗai ake zarewa a sa wata, sukuru ɗaya ne ke riƙe da ita ta gefen ƙofa. Mutane da yawa suna sayen makulli sukutum alhali silinda kawai suke buƙata.

Maman Khalifa
Injiniya mu da muka zo jin a canza ko kar a canza, ka kai mu 1778.

Injiniya Murtala Arkilla
Hajiya a yi haƙuri, halin malanta ne, ba ya barin mutum.

Kawu Bello Kahinta
Ku bar shi shi hwaɗi, gaskiya ta. Wanki kau ga yadda aka yi nai. A kwance kubar, a aza ta bisa tire ko hwaihwai don kada wani abu shi ɓace. Kahin ka taɓa komi, ɗauki hoto da wayarka. Libobin nan ka hidda su ɗaya bayan ɗaya ka jera yadda kag gan su, don in ka rikita jerin, makullinka na jiya ba shi ƙara buɗe ta. A wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe sarai. Giris ɗan kaɗan, awa ƙwayar gero biyu, ga inda harshe ka gogawa kawai. Ramin makulli kau ba shi son komi sai bakin fensir. Ka kankare shi shi zama gari, ka shahwa ga makulli, ka shigar ka hitar. Shi ba shi kama ƙura. Abu biyu ɗai ka sa in ce a yada kuba: in sifirin ya karye kuma ba a samu irinai ba, ko ƙarhen da libobi ka zamne bisa nai ya cinye. Shi ma na farkon maƙeran Assada na iya lanƙwasa maka wani in ka kai musu samhuri.

Aminu Mai Kayan Gini
Salamu alaikum. Ni ne mai sayar da kayan, don haka a ɗauki maganata yadda aka ga dama. Da son samuna ne kowa ya canza kullum. Amma tsakani da Allah, Malam Nasiru, in ka ɗauki tsohuwar kubar nan a hannu ɗaya ka ɗauki mai arahar da ke kan teburina a ɗaya hannun, kai da kanka za ka mayar da tawa. Nauyin ma ya isa shaida. Kayan yanzu hawa-hawa ne. Akwai na ƙwarai, na Italiya da na Turkiyya, har na Sin ɗin ma akwai masu kyau in ka biya kuɗinsu. Matsalar ita ce mutum zai zo ya ce a ba shi mai kyau, ka faɗi kuɗi, ya ce ba wanda bai kai haka ba? Ka sauko, ya sake cewa ba na ƙasa da shi? Wata uku ya dawo yana cewa ka cuce shi. Araha dai ba ta ado.

In za ku sayi silinda ku ɗan kankari gindinta da bakin makulli. Tagullar gaske har ciki ruwan ɗorawa ce. In kuka ga fari ya bayyana, ƙarfen zubi ne aka yi wa wanka, guduma ɗaya ke raba shi biyu. Sunan da aka buga a kwali kuma ba shaida ba ne, kwali kowa na iya bugawa.

Maman Khalifa
To ni dai har yanzu ban sauka daga kan bakana ba. Ku maza kuna son kwance-kwance. A kira mai walda, a sayo kananzir, a nemo fensir, a je Maƙera. Duk wannan zirga-zirgar ba kuɗi ba ce? Kuma wa ke zama a gidan in ta sake cijewa? Inna ce, tsohuwa. Ku yi tunanin gobara cikin dare, Allah ya tsare, a lokacin sanyin nan da ake kwana da garwashi a ɗaki, tagogi duk an yi musu ƙarfe, ƙofa ɗaya ce mafita, ita kuma sai an ɗaga ta da gwiwa.

Sani Walda
Wannan maganar taki ta gobara ba mai ja da ita Hajiya. Shi ya sa ma na ce a fara da hinji yau, ba gobe ba, don shi ne ke hana ta buɗuwa. Aikin bai fi na awa ɗaya ba in akwai wuta, in babu in zo da janareta. Wani lokacin ma wasa, wato ɗan zoben ƙarfen nan, ɗaya ko biyu za a sa a hinjin ƙyauren ya koma mazauninsa. In ya ci da yawa a yanke a sa sabo. Abin da ban so shi ne abin da wasu ke yi, su ɗauko zarto su yi ta faɗaɗa ramin firam har harshen ya riƙa iyo a ciki. Ƙofa ta kullu, amma kana girgiza ta tana kaf-kaf, ƙarfen taya ɗaya ya ishi mai son shiga.

Malam Usman Gidan Igwai
Na karanta duk abin da aka rubuta, kowa ya yi ƙoƙari. Sai dai akwai tambayar da ban ga an yi ba. Malam Nasiru, kubar nan ta fi shekara talatin a ƙofar. 'Ya'yan makullinta nawa aka yanka tun daga lokacin, kuma yau suna hannun wa da wa? Ka zauna da Inna ku lissafa. Makulli yana iya zama lafiya lau a ƙarfensa amma ya riga ya tashi daga aiki, in mabuɗinsa yana hannun wanda ba ka sani ba. Ni na taɓa shiga gidan haya, na yi wata shida a ciki, ran nan na dawo daga makaranta na tarar da wani bawan Allah a tsakar gida yana kwance igiyar shanya. Wai tasa ce, ya manta da ita da zai tashi. Da makullinsa ya buɗe ya shigo, ko a jikinsa. Mutumin kirki ne, igiyarsa kawai ya ɗauka, amma a ranar na canza silinda.

Bashir Dambuwa
Malam wannan ya taɓo ni. Mu 'yan haya fa? In makulli ya lalace wa ke da alhakin canzawa, ni ko mai gida? Nawa mai gidan ko kwan fitila ne sai ya ce in sa daga aljihuna.

Malam Usman Gidan Igwai
Abin da aka saba dai, in tsufa ne ya kashe shi na mai gida ne, in kai ka karya ko ka ɓatar da makulli naka ne. Amma ya danganta da abin da kuka yi yarjejeniya a kai. Dabarar da nake yi, in na shiga gida sai in sa silindata, in ajiye tasa a leda. Ranar tashi in mayar masa da kayansa in tafi da nawa. Ba rigima.

Alhaji Garba (shugaban zaure)
Malam Bashir maganar haya a buɗe mata nata wurin daban, kada a ɓatar wa mai tambaya hanya. Mun san in aka fara zancen masu gidan haya a nan sai asuba.

Nasiru Mabera
Malam Usman wallahi ka sa ni zufa cikin sanyin nan. Mun zauna da Inna bayan Isha'i. Abin da muka tuna guda takwas ne. Nata, wanda ke ƙulle a bakin zanenta. Nawa. Na ƙanena. Na Yaya da ke Kaduna, ya ce yana nan cikin wata jaka amma bai san wacce ba. Na Baba, yana cikin akwatinsa, na gan shi. Saura uku: ɗaya wani ɗalibi da ya zauna a ɗakin zaure shekarun baya ya tafi da shi, ɗaya ya faɗi a hannun ƙanwata ranar wata Sallah, ɗayan kuma Inna ta ce ta ba wata mai taya ta aiki, ba ta tuna ko ta dawo da shi ba. Wato uku suna duniya.

Maman Khalifa
To kun ji. Na ce a canza kun ce kananzir.

Hajiya Rabi Runjin Sambo
Maman Khalifa ki yi a hankali, akwai abin da ba ƙarfe ba a cikin maganar nan. Nasiru, ni sa'ar Innarka ce ko kusa, bari in faɗa maka abin da ba za ta faɗa maka ba. Ba kubar take karewa ba. Shekara nawa tana jin ƙarar makullin nan cikin dare ta san maigidanta ne ya dawo? Ni har yau kwaɗon da Alhaji ke rufe ɗakin hatsi da shi yana cikin adakata, ba ya kulle komai, amma wanda ya taɓa shi mun ɓata. Kada ka je mata da maganar wai ta tsufa, ta lalace. Ka ce mata za a wanke ta a gyara mata zama, kuma za a ƙara mata 'yar'uwa saboda makullan da suka ɓace. Ba za ta ƙi ba. Tsofaffi ba gyara muke ƙi ba, a yi mana abu a kan kai ba shawara ne ba mu so.

Kawu Bello Kahinta
Hajiya ta gama magana. Kuma ko makullan da sunka ɓace akwai dabara tai. Gwanin kuba na iya sauya jerin libobi, shi yanka sabbin ɗiya, tsohhin su tashi banza. Sai dai masu wanga aiki sun yi ƙaranci, yaran yanzu injin yankan makulli kawai sunka sani. Kuma don Allah in za a yanka, a yanka daga na asali, wanda ag ga akwatin marigayi. Kwahi daga kwahi daga kwahi, kowane na ƙara kuskure kaɗan, na huɗu sai ka yi ta jijjiga shi kahin shi buɗe.

Injiniya Murtala Arkilla
Kawu haka ne, amma ya danganta da liba nawa ke ciki. In biyu ce ko uku, yawan makullai mabambanta da za a iya fitarwa kaɗan ne, har ya kan faru makullin wani gida ya buɗe na wani. Irin waɗannan don ƙofofin cikin gida aka yi su. Ta ƙofar waje ana son mai liba 5, a Ingila ma ƙa'idarsu ta makullin ƙofar waje daga 5 take farawa, kuma kamfanonin inshora kan nemi haka. Malam Nasiru in an buɗe ka ƙirga mana. In uku ce, shawarar Hajiya Rabi ita ce daidai ko ba don Inna ba: a bar tsohuwar, a ƙara mai silinda a sama. Kuma saboda maganar Maman Khalifa, ka nemi silinda wadda ta ciki ba ta buƙatar makulli, mai ɗan maɗauki da ake murɗawa da yatsa. Sharaɗi dai kada a sami taga ko wani rami kusa da hannu zai iya zurowa ya kai gare ta.

Nasiru Mabera
Jama'a ga yadda aka kwana. Jiya Asabar Malam Sani ya zo da kansa, Allah ya saka. Mun yi gwajin alli, tabon ya fito a ƙasan rami kamar yadda ya faɗa. Hinjin ƙasa ya cinye har yana rawa, ya yanke ya sa sabo, na sama kuma wasa ɗaya ya isa. Ko kafin a taɓa kubar, makulli ya fara shiga ba gwiwa ba jan ƙofa.

Kubar kuma ni na kwance ta a kan tiren shayin Inna, tana zaune a gefe tana kallona kamar ina yi wa jikanta kaciya. Abin da ya fito daga ciki sai wanda ya gani: baƙin laka mai warin tsohon ƙuli, da guntun tsinken tsintsiya, da kan ashana biyu, aikin jikoki. Liba uku ce Injiniya. Sifirin duk lafiya. Na wanke na mayar bisa hoton da na ɗauka, sau biyu ina kuskuren jeri kafin ta yarda. Yanzu da yatsa biyu ake murɗa ta.

Hajiya Rabi na bi maganarki kalma da kalma. Inna ta yi shiru, can ta ce to a sa, amma makullin farko nata ne. An sa sabuwar a sama da tsohuwar. Daren jiya ita ta kulle duka biyun da hannunta.

Maman Khalifa
Alhamdulillahi. Ka ga dai a ƙarshe sai da aka sayi sabuwa. Da dare kuma a bar ɗan makullin tsohuwar a ƙusa kusa da ƙofa, inda kowa ya sani, ba a bakin zanen Inna kaɗai ba.

Sani Walda
Hajiya an sayi sabuwa, amma ba a jefar da tsohuwa ba. Mu ce canjaras.

Injiniya Murtala Arkilla
Madalla. Amma Malam Nasiru na ƙura wa hoton da ka sa ido, silindar nan ta yi tsini a waje da yawa. Nawa ne tsawonta?

Nasiru Mabera
An rubuta 80 a kwalin. Ta fito waje kamar faɗin yatsa ɗaya. Malam Sani ma ya yi maganar, ni na ce a sa haka nan tunda an riga an sayo. Ina cewa ko mai tsawo ta fi ƙarfi.

Injiniya Murtala Arkilla
A'a, wannan tsinin shi ne abin da ɓarawo ke so, wurin kamawa ka ba shi. Silinda a tsakiyarta take da rauni, wajen ramin sukurun, in aka samu abin damƙa aka lanƙwasa a nan take karyewa. Bai kamata ta wuce fuskar ƙarfen da ke kewaye da ita da fiye da milimita 3 ba. Kwance sukurun da ke gefen ƙofa, sa makulli ka ɗan karkata shi kaɗan har haƙorin tsakiya ya shige, sai ta zaro. Ka auna daga tsakiyar ramin sukurun zuwa fuskar waje, sannan zuwa fuskar ciki. Ƙofar ƙarfe irin taku ina zaton milimita 30 da 30 ne, wato 60, amma ka auna, kada ka bi zatona.

Aminu Mai Kayan Gini
A wurina ya saya, kuma na tambaye shi kaurin ƙofar ya ce in ba shi babba kawai. Malam Nasiru in ba ta ƙuje ba, kuma 'ya'yanta sun cika, kawo ta da kwalinta in canza maka. Mai 60 mai maɗaukin ciki saura biyu gare ni.

Nasiru Mabera
Na gode Alhaji Aminu, ajiye mini ɗaya. Sai dai 'ya'yan ba za su cika yau ba, ɗaya yana ƙulle a bakin zanen Inna tare da tsohon, kuma ta tafi suna Kwannawa. In ta dawo da wuri zan zo kafin Magariba, in ba haka ba sai gobe da safe.